Minti Ɗaya a Cikin Rumbun Baba Ilu

Har yau ranar da aka zura ni cikin rumbu kamar guga ba ta fita daga kaina ba. Ku da kuka shigo shagon nan hutun bana kuna ta tambaya game da takardar Turancin da ke rataye saman kwamfuta, kuna cewa ko kambu muka ciyo. Ba kambu ba ne. Ga yadda aka yi.

Aikinmu a nan Funtuwa kun san shi: ɗaukar biki, suna, walimar sauka. Lokacin ina da shekara goma sha shida, ni ne mai kyamara na biyu, wato wanda ake turawa saman katanga ko ƙarƙashin rumfa, duk inda babba ba zai shiga da rigarsa ba. Tsinke ake ce mini, don in na juya gefe sai a nemi inda na yi.

Maigidanmu, Oga Sanusi, yana da buri ɗaya da ya wuce bikin aure. Akwai wani bikin baje kolin finafinai da ake yi duk shekara a ƙasar waje, na masu shirya fim masu zaman kansu, waɗanda ba su da babban kamfani a bayansu. Oga ya haddace tarihinsa fiye da sunayen 'ya'yansa. Ya ce wasu 'yan tsiraru ne da manyan gidajen kallo suka ƙi karɓar aikinsu, suka ari ɗaki suka haska wa junansu a bango, abu ya yi ta girma har ya zama ana aiko da fim daga ko'ina a duniya. Ana ba da kambun gwarzon fim, da na darakta, da na gajeren fim, da na ɗaukar hoto, da wanda 'yan kallo ke zaɓa da kansu. Na ji wannan bayani sau ɗari tara. Har akuyar maƙwabta ta iya shi.

Tsarin kuma haka yake. Ka aika fim ta intanet da fassara a ƙasan hoto. Wasu su tace, su fitar da waɗanda za a haska. Daga cikinsu alƙalai su ware 'yan takarar kowane kambu. Kafin a haska, sai ka kawo takardar amincewa daga duk wanda fuskarsa ta fito sosai. Wannan na ƙarshen ne Oga bai karanta da kyau ba.

Fim ɗinmu gajere ne, a kan damina ɗaya a gidan manomi. Muka samu wani dattijo a wani ƙauye ta wajen Gozaki, mai gandu da 'ya'ya maza huɗu da jikoki cike da tsakar gida. Baba Ilu zan kira shi. Ba sunansa ba ne, kuma kada wanda ya tambaye ni ƙauyen.

Wata Laraba a watan Yuli, ana tsakiyar noma na biyu, Oga ya bi samarin gidan gona da babbar kyamara, ni kuma aka bar ni in ɗauki mata suna sussuka. Kafin su fito, Baba Ilu ya yafuto ni bayan gida, inda rumbunan suke.

"Kai, siriri. Za ka iya shiga rumbu?"

"Baba, ko kwalba ce zan shiga."

Na yi mamaki, don gidan cike yake da yara, kuma su aka saba zurawa. Ya kafa tsani, ya ɗaga murfin jinkar, ya riƙe hannuwana ya sake ni. Na zaci zan sauka a kan damman dawa. Na yi ta tafiya, na yi ta tafiya, har na fara tunanin ko zan ɓulla Malumfashi. Da ƙafata ta taɓa ƙasa, sai na ga dami biyu a jingine da bango, da ɓera ɗaya da ya kalle ni kamar na zo raba gado da shi. Shi ke nan abin da ke ciki, ga kaka da sauran wata uku.

Na ɗaga kai. Haske na saukowa ta bakin rumbun kamar an tsiyayo shi, ƙura na yawo a ciki, ga fuskar Baba Ilu a can sama yana leƙowa. Wayata na aljihu. Hannuna ne ya ciro ta, ni dai ban aike shi ba. Na ɗauko daga damman nan biyu, na bi bango a hankali har zuwa fuskarsa. Minti ɗaya cif. Shi yana cikin haske, ni ina cikin duhu, bai ga komai ba.

Na miƙa masa dami ɗaya, ya jawo ni. Yana mayar da murfin ya ce, "Abin da ka gani, ka bar shi a ciki."

"To, Baba."

Ban bar shi ba. Da muka zo haɗa fim na nuna wa Oga. Ya kalla sau uku, sannan ya cire hula ya ajiye a tebur.

"Tsinke, wa ya koya maka wannan?"

"Baiwa ce, Oga."

"Dattijon ya sani?"

"Ai shi ya sa ni a ciki."

Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Oga ya sa mintin nan a tsakiyar fim, muka aika.

A watan Fabrairu saƙo ya zo. An zaɓi fim ɗinmu, kuma yana cikin 'yan takarar kambun ɗaukar hoto. Alƙalan har sun ambaci rumbun. Oga ya fita titi ba takalmi, ya rungume mai rake, ya gaya wa wani ɗan acaɓa da bai taɓa gani ba. Ni kuwa na fara gwada yadda zan ɗaga kambu da bokitin shago. A ƙasan saƙon aka ce a turo takardun amincewa cikin mako biyu.

Ranar Litinin muka hau babur da kwamfuta da takarda da tawadar dangwale. A hanya na matso kusa da kunnen Oga.

"Oga, wai su Turawan nan sun san yatsan Baba Ilu ne? Babban yatsa ai duk ɗaya ne. Ga nawa."

Oga ya tsayar da babur a gefen hanya. "Me ka yi?"

Na gaya masa Baba Ilu bai san na ɗauki cikin rumbun ba. Ya daɗe yana kallon gonakin da aka girbe. Sannan ya ce, "Za mu nuna masa. In ya tambaya, ka bar ni in yi magana."

Muka tarar da Baba Ilu a zaure yana gyaran igiya. Bayan gaisuwa Oga ya ce yana so ya gani shi kaɗai tukuna. Aka kori yara. Baba Ilu ya kalli kansa yana shuka, ya yi dariya ya ce ashe haka ƙeyarsa take. Ya ga babban ɗansa yana huɗa, ya ce a fim ne kawai yake da wannan himmar. Sai rumbu ya fito. Bai motsa ba har mintin ya ƙare.

"Su wa za su ga wannan, Malam Sanusi?"

"Mutanen ƙasar waje ne, Baba. Wani gari mai nisa, bakin teku. Ba wanda ya san ka."

"A can zai tsaya?"

An ce in bar Oga ya yi magana, na kuwa bar shi, amma bai yi ba. Sai na ji bakina yana cewa, "In ya ci kambu za a sa shi a intanet, Baba. Duk mai waya zai gani."

Oga ya taka mini ƙafa har sai da na ji a haƙori.

Baba Ilu ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da murzawa. Ya ce, "Turawa ba su dame ni ba. Su kalla su ƙoshi. Amma jikokina uku ke da waya." Ya dubi Oga. "Kai ɗan birni ne, bari in gaya maka. Gidan nan mutum ɗaya ke leƙa rumbu. In na ce akwai, kowa ya ɗauki fartanya ya tafi gandu da ƙarfinsa. Ranar da samarin nan suka san dami biyu ya rage, washegari za su watse ƙwadago gonakin mutane don su ciyar da ɗakunansu. Gandu ya zama ciyawa. Shi ya sa na rufe bakina, na sayar da tumakina ɗaya bayan ɗaya na ce tsufa suka yi, har muka kai kaka. Shi ya sa kuma na sa baƙo a ciki, ban sa nawa ba."

Oga ya ce, "Amma ai ya wuce, Baba. Bana an samu amfani."

"Alhamdu lillahi, an samu. To baɗi fa? In damina ta sake yi mana gardama na ce musu akwai, wa zai yarda?"

Ya juyo gare ni. Na shirya wa zagi, har na zaɓi kunnen da zan miƙa. Cewa kawai ya yi, "Kai kuma na ce ka bar shi a ciki."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Oga ya buɗe fim ɗin a gabansa, ya yanke mintin, ya goge. Na miƙa wayata, na goge na asalin Baba Ilu yana kallo. Sannan ya dangwala yatsa a kan sauran.

Muka rubuta wa masu bikin. Suka amsa cikin ladabi cewa dokarsu ba ta yarda a canza fim bayan alƙalai sun gani ba. Za su goge tsohon, su haska sabon, amma ba a cikin gasa ba. Kambun ɗaukar hoto ya tafi wata ƙasa, wurin wani da ya ɗauki ƙanƙara tana narkewa. Mu aka aiko mana da takardar shaidar halarta. Ita ce waccan. Oga ya yi mako uku ba ya kiran sunana, sai dai "kai" da "wancan". Daga baya ya kafa dokar da kuka tarar: takarda kafin kyamara, ko da jaririn suna ne sai an tambayi ubansa.

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan. Kyamara ba ta san abin da aka ba ta da abin da ta sata ba, duk kyau suke yi mata. Mai riƙe da ita ne ya sani. Kuma mutanen da muke ɗauka suna nan zaune a gidajensu bayan an tafa an watse.

A watan Yulin da ya biyo baya Oga ya aike ni ƙauyen in kai wa Baba Ilu faifan fim ɗin. Samari na gona. Ya karɓa, ya juya shi, ya sa a aljihu, sannan ya yafuto ni bayan gida. Tsani na jingine.

"Ajiye wayar nan a kan turmi."

Na ajiye.

"Juyo aljihunka."

Na juyo duka biyun, har da na wando. Ya riƙe hannuwana ya zura ni.

Na san tambayar da ke bakinku. A ciki na bar shi.