Turmin da Ke Daka da Kansa

A gidanmu na unguwar Barade, Kaka ba ta fara tatsuniya sai an sauke tukunyar tuwo. Takan tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu kewaye murhu. Ni can baya nake zama ina kallon tafin hannunta. Duk kanta ce, har garwashi take ɗauka da yatsu.

"Ga wata ta iso ƙofa," takan ce. "A buɗe mata?"

"A buɗe!"

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta matan da ke yi wa wani attajiri daka. In sun gama, a ba kowace dusa da ɗan gari, da shi take ciyar da 'ya'yanta. Wata rana aljanin kogi ya ba attajirin turmi mai daka da kansa. Gari ya cika gidan har ba wurin zubawa. Da matan suka zo da safe, suka tarar da ƙofa a rufe, suna jin lugude daga ciki.

"Kaka, ai sun huta ke nan!" in ji yayana Sadik.

"Sun huta, ja'iri. Je ka tambayi cikinsu."

"To daga nan fa?"

Sai ta shiga tono gyaɗa tana raba mana. Ba ta taɓa ƙarasa wannan tatsuniyar ba. Bayan rasuwarta Inna ta gaya mini cewa da dakau Kaka ta reni Baba, har ranar da aka kafa injin niƙa a unguwa.

Yanzu ina ajin ƙarshe a sakandare. Baba yana da shago a unguwar Turaki, inda yake tsara katin biki a kwamfuta. Da, dangin amarya kan cika bencinsa suna gardamar launi. Bana bencin ya yi ƙura. Kowa na sa AI ya zana masa a waya, ya wuce kai tsaye wurin masu manyan injinan bugawa. Na ji Baba yana ce wa Inna wataƙila ya rufe shagon.

Jiya ya miƙo mini wayarsa. "Ummi, nuna mini yadda abin nan yake yi."

Kafin ya gyara zama, kati ya fito, da furanni da komai. Ya daɗe yana kallo.

"Ya yi kyau," ya ce a hankali.

Ni hannunsa nake kallo. Akwai baƙar kanta a wuyan hannun, inda yake goga tebur shekara da shekaru. Na so in tambaye shi ina matan nan suka nufa da suka bar ƙofar attajiri, tunda shi ɗansu ne. Ya mayar da wayar aljihu, ya ce in duba ko tuwo ya sauka.