Ranar da Auta Ta Shafa wa Doya Bula

Ko sunana na manta, ba zan manta wata Alhamis ba, a shekarar da korona ta rufe makarantu. Ku sababbin malamai, ku matso.

Wani falken doya a Salaga, Alhaji Seidu, ya ɗauke ni in koyar da 'ya'yansa biyu, Fuseini da Rahina, a zauren gidansa. Abin da bai faɗa mini ba, akwai autarsu Memuna, 'yar shekara uku, wadda matarsa Hajiya ke bar mana in ta tafi kasuwa. Jama'a, wannan ba yarinya ba ce, guguwa ce mai ɗan kitso. Allina kuwa ta cinye wanda zai ishi makarantun Bawku duka. In na juya allo tana wuyana, in na zauna ta gudu da takalmina.

Wata guda ba mu tsinana komai ba. Ran Laraba Alhaji ya ce, "Ticha, jibi zan gwada Fuseini lissafi da kaina. In ya faɗi, akwai wani malami a Yendi yana jira." Ni kuwa wannan aikin ne tukunyar gidana.

Washegari na jiƙa bular wanki a gwangwani, na ba Memuna da tsumma da tsohon kwali, na ce ta je tsakar gida ta zana mini saniya. Sai tsit! Muka yi karatu har Fuseini ya fara gumi, ni ina ta yi wa kaina kirari a zuci.

To, ga abin da ban lura ba. Doyar da za a loda zuwa Kumasi, kowace 'yar kasuwa tana ɗiga wa tata launi don kada a cakuɗa a mota. Ta Hajiya shuɗi, ta maƙwabciyarta Magajiya Azara ja. Duka suna jibge a tsakar gidan nan.

Ihun Magajiya ne ya fito da mu. Memuna ta bi doya ɗaya bayan ɗaya ta mulka mata bula, har da akuyar gidan.

"Wallahi an mayar da doyata ta Hajiya! Ticha, kai ne shugaban ɓarayin?"

Na ruga na ɗauko bokitin ruwa.

Magajiya ta ce, "Ajiye! Ka jiƙa ta, ta ruɓe mini a hanya? Wannan wane irin mai ilimi ne?"

Haka na durƙusa da farar rigata ina kankare bula da busasshen yashi, ina neman jan ɗigo, direban lori na ta danna mini oda. Memuna na gefe tana cewa, "Ticha, saura wannan."

Ran Juma'a Fuseini ya cinye tambayoyin babansa tas. Karatun da muka yi cikin shirun nan na Alhamis shi ne na farko da ya shiga kansa. Alhaji ya ce, "Ka zauna, Ticha. Amma bula, kada ka ƙara."

Don haka in an kai ku koyarwa a gida, ku fara tambayar wa ye ƙarami. Shi ne hedimasta. Ku ba shi aiki kafin kowa, amma a inda idonku ke kai.