Babban yatsana da bututun da ya narke

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba, har wasu sun kira waya suna tambayar ko lafiya. Jinya na yi. Yau na samu ƙarfin ba ku labari.

Ciwon ba sabo ba ne. Tun ina saurayi na same shi a Gubuchi, zamanin mulkin soja, lokacin da ake bin layi a sayi sabulu da madara. Ina saran rake a fadamar mahaifina, adda ta goce ta sare ni a gindin babban yatsan hannun dama.

Baba ya goya ni a keke zuwa asibiti. Babu allurar kashe zafi, babu zaren ɗinki. Sai da ya zaga gari ya sayo zare, aka danne ni aka ɗinke fata, aka ce mu tafi.

Fata ta warke, amma yatsan ya mutu. Ko allura aka soka ba na ji. A wurin tabon kuma wani ɗan ƙulli ya fito, wanda in abu ya taɓa shi sai in ji kamar na kama wayar lantarki, har cikin kafaɗa. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Sani, ka gode wa Allah hannun bai fita ba. Wa ke da halin asibiti yanzu?"

Da gaskiyarsa. Na haƙura, na koyi riƙe alli da sauran yatsu, na yi aikin koyarwa a Ikara har na yi ritaya. Musabaha ta zame mini azaba. In an idar da salla sai in dafe ƙirji in sunkuyar da kai maimakon miƙa hannu. Na san akwai waɗanda suka ɗauke ni mai girman kai.

Abin da ya tashe ni tsaye shi ne jikata, mai koyon tafiya. Ta taho tana tangaɗi ta cafki yatsan don kada ta faɗi. Ban san lokacin da na fizge ba. Yarinya ta faɗi, leɓenta ya fashe.

Matata Hajara ta ɗauke ta tana rarrashi, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Malam, haƙurin nan ya isa haka. Gobe Zariya."

A asibiti an yi ta turo ni daga wannan ofis zuwa wancan: kati, gwajin jini, gwajin suga, hoto. Daga ƙarshe na samu ganin wata likitar tiyatar hannu. Ta ƙwanƙwasa ƙullin da yatsa, na zabura daga kan kujera.

Ta ce, "Baba, jijiyar da ke kai saƙon ji ce ta tsinke, ba a haɗa ta ba. Ta yi ta ƙoƙarin tsiro, ta rasa hanya, ta dunƙule."

Ta ce za su yanke ƙullin, amma zai bar giɓi tsakanin bakin jijiyar biyu. Ko dai su ciro wata jijiya daga ƙafata su cike, ƙafar ta samu nata wurin da ba ya ji, ko kuma su sa wani siririn bututu, kamar robar cikin biro, jijiyar ta bi ta ciki ta tsiro. In ta gama, bututun ya narke a jiki da kansa.

Na ce, "Likita, ya narke ya tafi ina?"

Ta yi dariya ta ce jiki ne ke shanye shi, kamar zaren ɗinkin da ba a cirewa. Ba ta yaudare ni ba. Ta ce zafin tana sa ran zai tafi, amma ji, bayan shekaru masu yawa haka, ba ta yi alkawari ba.

Na zaɓi bututun. Ba a samunsa a nan, sai an yi odarsa, kuma da tsada. Na sayar da bijimin da nake kiwo, na jira watanni. Na ji tsoro ƙwarai ranar da aka tura ni ɗakin tiyata, amma ban yi tunanin fasawa ba.

Bayan aiki aka naɗe hannun, Hajara ke ba ni abinci a baki. Sannan aka shiga gashi, wato motsa hannun a asibiti. Malam Bitrus, abokin aikina tun muna koyarwa, shi ke kai ni a motarsa duk mako, bai taɓa karɓar kuɗin mai ba. A gida kuma an ce in riƙa goga yatsan a auduga, da tawul, da tsabar gero. Watanni ina yi ba na jin komai. Ban daina ba ko rana guda.

Zafin lantarkin ya tafi tun da wuri. Ji ne ya ƙi zuwa.

Ran nan ina zaune kan tabarma da hantsi, sai na ji wani abu ya tsunkule ni a yatsan. Na duba, cinnaka ne. Na ƙwala wa Hajara kira, ta fito da gudu da ludayi a hannu.

"Lafiya, Malam?"

"Cinnaka ya cije ni!"

Ta tsaya tana kallona, can ta gane, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Jin bai dawo duka ba. Kan yatsan har yanzu dundum yake, ba ya ji. Amma ina bambanta zafi da sanyi, kuma likita ta ce bututun ya riga ya narke.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Hajara, da Malam Bitrus, da likitata, da ma'aikatan jinya. Allah ya saka da alheri.

Shawarata, musamman ga manoma da mahauta da masu injin niƙa: in kun yanke, aka ɗinke, kuka ji wani sashe ya mutu, kada ku ce ai fata ta warke. Ku koma ku gaya wa likita a fili, "Ba na ji a nan." Da wuri aka fi samun nasara. Ba kowane rauni bututu ke yi wa aiki ba, don haka ku yi tambaya har ku gane. In an ce gashi, ku yi gashi.

Da yatsan na rubuta wannan, a hankali. In kun ga kuskure, ku yi masa uzuri, ɗan koyo ne.