Kwanciyata a Cikin Kwalbati

Shekarun baya wani ƙullutu ya fito mini a kafaɗar dama, daidai inda nake saɓa cinyar bijimi. Ni mahauci ne, da wannan hannu nake ci. Wanzamin unguwarmu a Moshi Zongo ya yanke shi, ƙullutun ya dawo. Ya sake yankewa, ya dawo da 'yan'uwansa.

Da na je asibiti likita bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Baba, irin wannan ƙari ba kasafai muke ganinsa ba. Na waje kaɗan ne, saiwarsa na bin ƙarƙashin fata. Sai hoto ya nuna mini iyakarsa kafin in sa wuƙa. In na yanka da ka, zai dawo, wata rana hannun ne zai tafi."

Ashe injin hoton rami ne. A kwance ake tura mutum ciki, rufin dab da hanci, ga ƙara kamar maƙera. Aka ce kada in motsa. Ni da nake kayar da bijimi, kabari kawai na tuna. Na yi ta shure-shure har suka jawo ni. Hoto ya lalace, aka sa mini wata rana.

Ƙanena da ya raka ni, kafin magariba ya baza labarin a kasuwa. Masu cin arzikina ne suka fi kowa dariya.

Na hau yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, sai unguwar Gurugu, wurin abokina mai walda. Gaban shagonsa akwai bututun kwalbati da masu aikin hanya suka ajiye. Na ce zan shiga in kwanta, shi ya riƙa dukan durom na ƙarfe a kaina, in saba.

"Kai, mahauci, ciwon ya hau kai ne?"

"Kai dai doka kawai."

Kullum bayan la'asar ina ciki, yana duka yana ihu, "Ƙafarka ta motsa, tsohon banza! Sake!" Wata mai nono ta leƙo ta ga ƙafafuna, ta saki salati ta ruga.

Ranar da na koma asibiti, sai da suka taɓa ni su ji ko ina numfashi. Hoto ya fito tas. Saiwar ta fi tafin hannuna faɗi. Likita ya zagaye wurin da alƙalami, ya kwashe duka, ya cike da fatar cinyata. Ƙarin bai sake dawowa ba.

Har gobe ba na son ɗaki marar taga, kuma a hagu nake saɓa nama. Masu dariyar nan suna zuwa sayen nama, suna roƙon gyara. Da hannun dama nake miƙa musu, su gan shi da kyau.