Karen da Na Yi wa Ɗaurin Maraƙi

A shekarar da mahaukacin kare ya ciji mutane a kasuwar Haɗejiya, Baturen dabbobi ya sa En'e, hukumar sarki ta lokacin, ta yi shela: duk karen da 'yan doka suka gani a sake, kulki ne rabonsa. Ni kuwa ina da kare, wani ja mai yankakken kunne, shi ke kore mini birai daga gonata ta bakin fadama. Ban taɓa ɗaure shi ba, ban ma san yadda ake yi ba.

Gidanmu asalinsa gidan shanu ne. Kakanninmu sun zauna gari sun koyi noma, amma har yanzu a wajenmu duk mai ƙafa huɗu ɗaurinsa ɗaya ne. Sai na nufi dangwali, igiyar nan da ake jera maruƙa a kanta, na sa shi tsakanin maruƙa biyu, na yi masa zarge a wuya. Maraƙi in ya ji igiya ta matsa sai ya tsaya. Ashe kare ƙara ja yake yi. Kafin in kai ƙofar gida ya zaro harshe, idanu sun firfito, maruƙan na kallonsa kamar baƙon da bai san al'adar gida ba.

Inna, mahaifiyata, tana bakin madafi tana tankaɗe. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗar sunana. Kare kuma ƙazanta ne a wurinta, ba ta faɗar nasa. Haka muka zauna a gidan, ni da shi, ba mai suna.

"Kai," in ji ta, "in kashe wancan abin za ka yi, bar wa 'yan doka, aikinsu ne."

"Inna, ko in sa shi a ɗakin baya?"

"Ɗakin da nake shimfiɗa buzun sallata? Sai dai ka fara sa ni a dangwalin."

Wani maƙwabcinmu masunci ya ara mini tsohuwar gura, babban kwandon nan na kama kifi, ya rantse ko kada ba ya fita. Karen ya cinye gefenta kafin azahar, ya fito yana warin tarwaɗa. Na gwada rumbun da babu hatsi. Zafin ciki ya kusa dafa shi, da ƙafa na jawo shi waje yana haki.

Daga ƙarshe na yi hankali, ko in ce na zaci na yi. Baduku ya ɗinka masa abin wuya na fata wanda yatsu biyu ke shiga, na kafa turke a gindin tsamiyar bayan gida, na ba shi doguwar igiya da kaskon ruwa. Inuwa kawai na duba, ban duba cewa tsamiyar a kwari take daf da kogi ba. Kogin namu kuwa ba ya jiran hadari, ruwan da aka yi can ƙasar Kano shi ke iso mana da rana tsaka.

Ina gonar shinkafa na ga ruwa ya haye kunya yana tafiya cikin ciyawa. Na yar da fartanya na kama gudu. Ko da na isa tsamiyar, turken ya nutse, guntun igiya kawai ke yawo a saman ruwa. In karen bai nutse ba, to yana sake, 'yan doka kuwa ba su fasa zagaye ba. Ranar na san ina son karen nan fiye da yadda zan iya faɗa a majalisa.

Na shiga gida na tarar da Inna a jiƙe har ƙirji, wuƙar yankan kuɓewa a gefenta, tana cuɗa hannuwanta da ƙasa. Buzun sallarta na rataye a madafi. Daga ɗakin baya na ji ana kakkaɓe jiki.

"Inna, ke kika kwanto shi?"

"Haushinsa ne ya hana ni la'asar. Kada ka tsaya kallona, je ka gyara ƙyauren nan, ka bar masa kafar shan iska."

A nan ya zauna har aka janye dokar. Da kara take tura masa kaskon tuwo, tana yi tana mita. Ranar da aka yi shelar sakin karnuka na zo da igiya zan fitar da shi.

"Ina za ka kai shi?"

"Waje, Inna, ki samu ɗakinki."

"Da ranar nan?" Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Bar shi sai ta yi sanyi."

Har karen ya tsufa ya mutu a ɗakin, ranar ba ta yi wa Inna sanyi ba, a madafi ta ci gaba da sallarta.