Kunnen Liyari

Ina da liyari talatin da ɗaya a cikin wani tsohon gwangwanin alawa, kuma ɗaya daga cikinsu ba nawa ba ne. Ajiya aka ba ni, yau ga shi ban san wanne ba ne a cikinsu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, liyari tsohon kuɗin azurfa ne na Turawa, mai faɗi da nauyi. Gefe guda hoton wata sarauniya ce mai jiki, ɗaya gefen kuma tsuntsu mai kai biyu. Fatake ne suka riƙa shigowa da shi tun zamanin kakanni, da aka daina ciniki da shi sai mata suka mayar da shi kayan ado. Maƙeri yakan liƙa masa ɗan zobe a ka, wanda muke kira kunne, a zura zare a rataya a wuya. Na fara tara su tun ina koyarwa a wata firamare ta wajen Kazage, daga guda biyun da kakata ta bari. Wasu malaman kiwon tattabaru suke yi, wasu sauraron ƙwallo a rediyo, ni kuwa wannan ce cutata. Duk ranar da uwargida ta ga na ɗauko gwangwanin sai ta ce, "Malam, a gaida tsohuwar sarauniyar taka."

Akwai wata Bafulatana, dattijuwa, da ta shafe shekaru tana kawo mana nono daga wata ruga ta wajen Damari. Lokacin da daji ya ɓaci, wata safiya sai ga ta ba ƙwarya a ka. Ko zama ba ta yi ba. Ta kwance wani liyari daga wuyanta ta miƙo mini.

"Malam, tashi za mu yi, ban san inda muka nufa ba. A hanya ko ɗankunne ba a bar wa mace. Kai ka san darajar wannan. Ka ajiye mini, ko ni ko 'yata wani zai zo."

Na karɓa na ce Allah ya dawo da su lafiya, na jefa shi cikin gwangwanin. Ban naɗe shi daban ba, ban rubuta komai ba, ni da na ƙare ƙuruciyata a kan rajistar 'yan makaranta. A ganina babu buƙata, don kunnensa a lotse yake, ya karkace gefe guda, ko da ido ɗaya zan gane shi.

Shekara bakwai ba mu ji ɗuriyarta ba. Mu ma da muka zauna a gari ba zama muka yi ba. An bar gonaki, hanyar Kaduna ta zama sai da addu'a, yau jana'iza gobe jaje. Har na kai na daina tambayar ina wane, saboda amsar ba ta wuce biyu, ko ya mutu ko ya yi hijira, kuma na gaji da jin kowacce. Ba zan ce na manta da matar nan ba. Gaskiyar ita ce na riga na binne ta a raina tare da sauran.

Da hanya ta ɗan lafa, wani mai sayen kayan tarihi ya zo daga Kaduna, aka yi masa kwatancen gidana. Ya juya liyarin nawa ɗaya bayan ɗaya yana taɓe baki. Ya ce muddin akwai kunnen nan a jikinsu, sarƙar mata nake tarawa, masu tara kuɗin tarihi ba sa kallon irinsu. Maganar ta yi mini zafi fiye da yadda ya kamata. Shekara da shekaru ana yi mini dariya a gari, ga wanda ya san abin ya zo, shi ma dariyar yake yi. Kwana biyu da tafiyarsa na kwashi gwangwanin gaba ɗaya na kai wa wani tsohon maƙerin azurfa a kasuwa, na ce ya cire kunnuwan duka ya goge. Suka dawo suna ƙyalli, kowanne da ɗan tabo a ka. Fuska ɗaya, tsuntsu ɗaya, shekara ma ɗaya, domin duk lokacin da aka buga liyari 1780 ake rubutawa a jikinsa. A ranar har daɗi na ji.

Bara bayan girbi, da hantsi, uwargida ta leƙo zaure ta ce ina da baƙuwa. Wata matashiya ce da goyo, ta durƙusa can bakin tabarma. Tun kafin ta yi magana na ga kamannin tsohuwar nan mai nono a goshinta.

"Baffa, Inna ta rasu, watanni biyar ke nan, can kudu inda muka koma. Ta ce in zo wurinka, akwai ajiyarta."

Na yi mata ta'aziyya, na ja ta'aziyyar da tsawo don ban san abin da zan faɗa bayanta ba. Daga ƙarshe na ɗauko gwangwanin na zazzage a kan tabarma.

"Zan gane shi," in ji ta, har da ɗan murmushi. "Kunnensa a lotse yake. Ni na tauna shi lokacin da nake fitar da haƙori. Kullum sai Inna ta yi mini gori a kai."

Sai ta duba, murmushin ya tafi. Na faɗa mata abin da na yi, ban rage komai ba. Na ce wa yarinyar ta zaɓi wanda ta ga dama, ta ɗauki biyu, ta ɗauki biyar ma in tana so, duk azurfa ɗaya ce.

Ta ɗauki wannan ta juya, ta shafa tabon da babban yatsa, ta ajiye, ta ɗauki wancan. Wani har sansana shi take yi. Na tafi sallar azahar na dawo tana nan. Ta shayar da ɗanta ta koma kansu. Ni kuwa ina zaune gefe kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa, kunya ta hana ni tashi, ta kuma hana ni kallonta.

Can ta mayar da su gaba ɗaya cikin gwangwanin, ta rufe, ta turo mini.

"Baffa, ba zan ɗauki na wata ba. Waɗannan ma ai da iyayensu. In kunnen yana nan, shi kaɗai a ba ni, ya ishe ni."

Na zura takalmi na nufi kasuwa da saurin da na manta ina da shi. Na tarar da maƙerin yana kashe wuta. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Haba Malam, ai kai ka ce in riƙe su ladan aikina. Tun a makon na narkar da su wuri ɗaya, zobba na yi da su. Ko ɗaya bai kwana biyu a nan ba."

Na zauna a kan bencinsa har aka kira la'asar. Na yi salla a masallacin kasuwa, na biyo doguwar hanya, na tsaya gaisawa da mutanen da ba na tsayawa gaisawa da su. Ban taɓa jin gajiya irin ta ranar ba, kuma duk jan ƙafar da na yi sai da na iso ƙofar gidana.

Da ta ji sallamata sai ta miƙe tsaye, ta gyara goyonta, ta goge tafin hannunta a jikin zane, ta miƙo mini hannu biyu.