Wasan Aron Benci da Na Shirya Ya Ci Mutuncin Hedimastanmu

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni sabuwar malama ce, jini na tafasa, ina ganin babu karkataccen da ba zan iya miƙewa ba. 'Yar makiyaya ce ni, ni ce ta farko a gidanmu da ta yi karatu har ta riƙe alli, saboda haka da aka tura ni wata firamaren gwamnati a wani ƙauye ta wajen Buji, da ƙarfina na tafi. Ga abin da na tarar. Iska ta yaye kwanon yawancin azuzuwan, yara a kan buhu suke zama, wasu a kan bulo, kuma da damina hadari na haɗuwa sai a kaɗa ƙararrawa kowa ya kama hanyar gida. Shugabanmu dattijo ne ɗan gidan malamai, Baba Hedimasta muke ce masa. Saura masa shekara guda ya ajiye aiki, bai tara komai ba sai keke da sunan kirki, kuma burinsa kawai ya fita da wannan suna ba tabo.

Abu ɗaya ne yake haɗa ni faɗa da shi, wato aron benci. Duk ranar da aka ce baƙi za su zo daga Dutse, sai ya aika a ɗauro wa shanu amalanke, a je Islamiyyar yayansa a kwaso bencina, a jera a ajin da ya rage da rufi, a shafe bangon gaba da farar ƙasa. Baƙi su leƙa, su gyaɗa kai, su tafi, kafin la'asar an mayar da kayan mutane. Abin yana ƙona mini rai. Wata rana na kasa haƙuri na tare shi, na ce ta yaya za a gyara mana abin da kullum muke ɓoyewa. Bai yi fushi ba. Ya kira ni 'yarsa, ya ce shi haka ya taso ya ga ana yi, abin kunya ne babba ya zo ya tarar da yaranka a ƙasa, kuma koke ya kai ya fi a ƙirga, ba wanda ya waiwaye shi. Na fita ina cewa a raina tsoro ne kawai irin na tsofaffi.

Da bikin rabon kyaututtuka ya matso, ya ɗora mini shirya wasan kwaikwayo. Da ma a kan tsafta ko illar fashin makaranta ake yi, amma ni sai na ce ga dama ta samu, na tsara wasa a kan aron bencin nan. Kashi biyu na yi shi. Na farko ban dariya ne, hedimasta yana ta kai-kawo ana jera benci. Na biyu shi ne zuciyar maganar: baƙi sun tafi, an kwashe kaya, ruwa na zuba a kan yara, hedimasta ya zauna shi kaɗai yana faɗin irin ƙofofin da ya ƙwanƙwasa ba a buɗe masa ba. Niyyata manya su yi dariya, sannan kunya ta kama su. Na so Baba ya zo ya ga gwaji, ya ce ya yarda da ni.

To, a makarantunmu al'ada ce, yaron da zai fito a malami sai ya je ya aro kayan malamin na gaske. Haka wanda na ba wa matsayin hedimasta ya je gidan Baba, matarsa Inna ta ɗauko masa tsohuwar babbar riga da hula, shi kuma Baba da hannunsa ya miƙa masa kekensa, yana tsokanarsa kada ya fasa taya. Yaron nan gwani ne wajen kwaikwayo. Tarin Baba, karkata hularsa, yadda yake jan ƙafar hagu, babu abin da ya bari. Wallahi a wajen gwaji har riƙe ciki nake yi, ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunani ba.

Ranar biki baƙi suka zauna a kan bencinan aron su kansu, iyaye suka cika fili. Yaro na fitowa a kan keke wuri ya kaure da dariya, kowa na nuna Baba da baki, shi ma yana murmushi. Da aka fara lodin benci a amalanke sai na ga murmushin ya ɗauke. Na ce a raina ka yi haƙuri Baba, kashi na biyu zai wanke ka. Ina! Ana gama na farko hadarin da ya yini yana haɗuwa ya ɓarke. Babu rufin da zai ɗauki taro, baƙi suka ruga mota, iyaye suka watse. Kashi na biyu babu wanda ya gan shi har yau.

Ashe samari sun ɗauka a waya. Kafin mako ya zagayo hoton ya karaɗe Dutse, kowa da irin fassararsa, kuma wadda ta zauna ita ce hedimasta ya sayar da bencinan makaranta, shi ya sa yake aro. Bencinan da tun kafin a kawo shi gara ta cinye! Aka kira shi, aka sauke shi, aka ajiye shi a wani lungun ofis ba aikin fari balle na baƙi. Na tashi takanas na je wajen wani babba na yi bayani. Ya saurare ni yana duba waya, ya ce wasan ya yi ma'ana, sun riga sun ɗauki mataki, irina ake nema. Yaba mini ya yi, jama'a. Rufi kuwa ko kwano ɗaya ba a kawo ba.

Na daɗe kafin na iya zuwa gidan Baba. Na durƙusa a zaure ina kuka, na ce Baba ya yafe mini. Bai ɗaga mini murya ba, da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Tambayata kawai ya yi yadda wasan ya ƙare. Na ba shi labarin kashi na biyu tun daga farko, sai ya ce ai da ruwan ya ɗan jinkirta. Ya sa mini albarka ya shige gida. Bayan ya yi ritaya ya daina fita sai masallaci, domin yara na bin bayansa suna kwaikwayon tarinsa.

Yanzu a unguwar Takur ta Dutse nake zaune, har gobe ina koyarwa, amma ban sake shirya wasa ba, kuma ban ƙara yarda cewa nuna ɓarna yana kawo gyara ba. Abin da na koya shi ne, mai kallo fuskar da ya sani yake kamawa. Waɗanda suka bar makarantunmu suka lalace ba su da rigar da yaro zai je ya aro, don haka duka sai ya sauka a kan na kusa, wanda ya fi kowa wahala. 'Yan'uwana malamai, in za ku sa yara su yi wasa a kan halin da muke ciki, kada ku sa wa ɗan wasa kamannin mutumin da aka sani, kuma kada ku ajiye gaskiyar magana sai ƙarshe, ba ku da tabbacin za a kai can.

Bara Allah Ya yi wa Baba rasuwa. Na shiga mota zuwa gaisuwa, da muka iso bakin ƙauyen direba ya ga taro ya tambayi wani mai shayi wa ya rasu. Baba fa ya yi shekaru yana koyar da garin, har shi mai shayin, amma ko sunansa bai kama ba. Cewa ya yi, tsohon nan ne da ya sayar da benci.